Sabon Aikin Marigayi Malami

Ranar da labari ya iske Hajjo, tana tsakar gida tana sheƙar gero, sai ta ji motar Kalilu ta tsaya a ƙofar gida ba ta yi ham ba. Kalilu shi ke ɗaukar fataken garinsu Gangara da kayansu zuwa kasuwannin Nijar, kuma tun da ya fara tuƙi bai taɓa shigowa gari bai tarwatsa kaji da ham ɗinsa ba.

Ya yi sallama daga zaure, murya ƙasa-ƙasa. Da ta leƙo sai ta ga jakar mijinta a hannunsa, hularsa a bisa jakar. Ta aje faifan a hankali, kamar an ce mata kada ta zubar da ko ƙwara ɗaya.

"Hajjo, sai haƙuri. Malami lokaci ya yi."

Ciwon ciki ne ya murɗe shi a hanya, bayan sun ɗoro dabino da kanwa. Kalilu ya sauke shi a wani ƙauye can bayan iyaka, ya kwantar da shi a inuwa, ya hau babur ya tafi neman mai allura. Kafin ya dawo rai ya yi halinsa. Mutanen ƙauyen suka yi masa wanka da sutura, suka kai shi makwancinsa. Mutanen kirki ne, ba su bar gawa ta jira ba. Amma ba wanda ya san sunansa. Limaminsu ya tambaya ko akwai mai shaidarsa, ba a samu ba, sai aka ce Allah ya jiƙan baƙo.

Wannan kalmar ta baƙo ita ta fi damun Hajjo. Tun tana ƙarama take jin tsofaffi suna cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, ga nata mijin an rufe shi ba shaida. Masu ta'aziyya sun cika gida, kowa ya zauna ya ce mutumin kirki ne, amma ta san haka ake cewa a kowane zaman makoki. Haka aka ce ranar da ɓarawon jakai na bakin kasuwa ya mutu, har da waɗanda ya kwance wa jakan.

Ƙanwarta Maimunat, wadda ke koyarwa a firamare a garin Isa, ta zo taya ta zaman takaba. Bayan sadakar bakwai ita ce ta tono wayar Malami daga ƙasan jaka ta aika da ita caji. Tana kunna ta, layin Nijar ya kama, wayar ta shiga kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwarsa.

"Mi yas same ta?" in ji Hajjo.

"Saƙonni na, Yaya. Mutanen wurin aikinai."

"Wane wurin aiki? Malami aikinai buhu na da igiya."

Maimunat ta gyara zama ta yi mata bayani. Wani dandali ne a cikin waya, kamar kasuwar Sabon Birni, sai dai ba mai kasa kaya, kowa kansa yake kasawa. Ka sa hotonka, ka faɗi abin da ka iya, ka yi ta ƙulla hulɗa da manya na nesa, in Allah ya sa wani ya ɗauke ka aiki ko ya sayi hajarka. Sai Hajjo ta tuna. Wani ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke sayen dabino wurin Malami da azumi shi ya buɗe masa, har ma Malami ya taɓa samun mai saye daga Legas ta nan, ya dawo gida yana tafiya kamar ya ci zaɓe.

Maimunat ta miƙo mata wayar. Kan Malami ne, ba shakka, da tsagarsa ta Gobirawa a kunci da ɗan gemunsa. Amma daga wuya zuwa ƙasa wani ƙato ne cikin baƙar kwat da jan nektai.

"Jikin wa anka ɗora mai?"

"Aikin masu hoto na Maraɗi na."

"To wanga dai ya ci abinci. Ni ban taɓa ciyar da Malami har yak kai haka ba. Karanta min rubutun."

"Shugaba kuma Babban Darakta, Kamfanin Dabino da Kanwa na Ƙasa da Ƙasa, mai rassa a Nijeriya da Nijar."

"Reshen Nijeriya shi na ƙarƙashin gadona. Reshen Nijar inuwar motar Kalilu."

Dariya ta kubce mata, ta farko tun ranar jaka da hula. Ta yi ta har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juya ta zama kuka, Maimunat ta bar ta ta yi mai isarta.

Da ta share fuska, Maimunat ta ci gaba da jan shafin. "Nan kuma wurin shaida na."

Hajjo ta cafke mata hannu. "Shaida? Akwai shaida?"

"Da yawa ma. Mutane tuli sun shaide shi."

"Alhamdu lillahi! Ashe ba baƙo ba na. Karanta, ƙanwata, karanta a hankali."

Maimunat ta fara. Sun shaida Malami ya iya jagorancin ma'aikata. Sun shaida ya ƙware a sarrafa kwamfuta. Sun shaida ya iya rubutun Turanci na ofis. Waɗansu da dama sun shaida gwani ne wajen tsara tafiyar jiragen ruwa masu dakon kaya.

Hannun Hajjo ya saki.

"Malami ko kwalekwalen gulbi ya shiga, rufe ido yakai har a kai gaɓa. Wa yag gan shi da jirgin ruwa?"

"Ba gani akai ba, Yaya. Kamar gudummawar biki ta. Ka danna min, in danna maka."

"Ke nan shi ma ya danna masu?"

Ya danna kuwa. Malami ya shaidi wani mai sanƙo da gilashi, a wata ƙasa mai nisan gaske, cewa ya iya lissafin banki. Ya shaidi wata mata cewa ta iya tiyatar ido. Ya shaidi wani cewa ba wanda ya kai shi haƙar mai a tsakiyar teku, shi da ruwan da ya fi gani a rayuwarsa shi ne ambaliyar fadama.

 A da, rashin shaida Hajjo take kuka da shi. Yanzu ga shaida ta samu buhu-buhu, duk ta zur, wadda aka yi masa da wadda ya yi wa wasu, kuma mutumin yana kwance a ƙasar da ba ta iya zuwa ta tashe shi ya gyara.

Ta aika aka kira Liman Is'haƙa. Ya zauna a zaure, ita tana bayan bango, Maimunat tana kai da kawo da waya. Liman ya nisanta wayar daga idonsa, ya kusanto da ita, ya daɗe yana duban ƙaton nan mai kwat.

"Allah ya jiƙan Malami, ashe ya yi ƙiba ban lura ba. To, shaidar nan, da baki yay yi ta ko da alƙalami?"

"Da babban yatsa, Malam."

Liman ya dubi nasa babban yatsan, ya juya shi. Can ya yi gyaran murya.

"Na so in ce yatsa ba harshe ba na. To amma ko kotu anka je, babban yatsa aka dangwalawa. Abin da za a yi, a janye shaidar da yay yi ɗaya bayan ɗaya, a sanar da mutanen nan rasuwa tai, a nemar mai gafara kamar yadda aka saba. Sauran sai Mai rahama."

Ya shafa addu'a ya miƙe. Har ya sa takalmi ya juyo. "Malama Maimunat, can wurin ana neman limamai kuwa? Tambaya dai nikai."

Washegari da hantsi suka zauna sanar da rasuwa. Maimunat ta duba sama ta duba ƙasa.

"Yaya, mutanen nan ba su yi tanadin mutuwa ba. Akwai wurin sabon aiki, akwai wurin ƙarin girma, akwai wurin sabuwar makaranta. Ba wurin rasuwa."

"To sa shi sabon aiki. Ai ya bar na dabino."

"Suna son matsayi."

"Mamaci."

"Sunan ma'aikata?"

"Lahira."

"Wai na wucin gadi na, ko na dindindin?"

"Ke Maimunat, kin taɓa ganin wanda yad dawo?"

"Akwai kuma wani ɗan akwati, wai a danna in har yanzu mutum shina bakin aikin."

"Danna."

Maimunat ta danna. Niyyarta ta bi da bayani cikin Turanci, da neman gafara, amma sabis ya ɗauke kamar yadda ya saba, bai dawo ba sai bayan la'asar. A tsakanin nan dandalin ya yi aikinsa shi kaɗai. Ya bi duk wanda Malami ya taɓa ƙulla hulɗa da shi ya gaya masa cewa Malami ya samu sabon matsayi, a taya shi murna.

Da sabis ya dawo, wayar ta yi ta rawa a kan tabarma har ta gangara ta bugi kwanon sha.

Maimunat ta karanta na farko ta rufe baki. Hajjo ta ce sai ta faɗa.

"Wai barka da sabon matsayi."

"Na biyu fa?"

"Wai ka cancanta ƙwarai."

"Ci gaba."

"Wanga yac ce tun ran da yas san ka yas san can za ka ƙare. Waccan tac ce tana fatan wata rana ta bi sahunka. Ga wani ya aiko hoton tafi da na kwalba tana kumfa."

Na ƙasashen waje ba su san mene ne Mamaci ba, sun ɗauka wani babban muƙami ne, Lahira kuma sabon kamfani. Amma har da wani ɗan Sakkwato, wanda ya san ma'anar kalmomin sarai. Bai karanta ba, ya ga wurin danna barka ya danna.

Inno, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta shigo ta iske Hajjo ta haɗa kai da gwiwa. Da aka ba ta labari sai ta ɗaga hannu sama.

"Ke ɗiyan nan, duniya duka na yi wa mijinki barka da isa lahira, kina kuka? Ni nawa da yam mutu ko ƙanenai bai ce ya cancanta ba."

"Inno, barkar wanda bai san abin da yaka wa barka ba, ita ma zur ta. Mun zo rage kaya mun ƙara."

Suna cikin haka wani saurayi ya turo takardun makarantarsa gaba ɗaya, yana tambaya cikin ladabi ko akwai gurbi a Lahira, shi a shirye yake ya yi ƙaura.

"Ce mai akwai gurbi," in ji Hajjo. "Kowa ana ɗauka, ba a bukatar takarda."

Ba a jima ba ya dawo da godiya mai tsawo, yana son ya san ranar fara aiki.

"Ce mai za a kira shi."

Daga ranar suka shiga janye shaida. Aiki ne mai cin rai, don sabis sai ya ga dama. Maimunat ta kan karanta suna da abin da Malami ya shaida, Hajjo ta ce astagfirullah, a danna a cire. Mai haƙar mai ya fita, mai tiyatar ido ta fita, mai sanƙo ya fita. Hajjo ta rame. Tuwo in an kawo sai ta juya shi ta ture. Tana ganin ko sun kwashe zur ɗin duka, abin da zai saura fili ne fetal, Malami ya koma baƙonsa na gindin inuwa.

Wata safiya saƙo ya shigo wanda bai yi kama da sauran ba. Daga mai sanƙo ne. Maimunat ta bi shi kalma kalma tana juyawa.

"Wai, Mista Malami, na ga ka janye shaidar da kay yi min. Ban ji haushi ba, ni ma na san ba ka taɓa ganin aikina ba. Amma an daɗe ba ka tambaye ni gajiyata ba. Ko sabon aikin ne ya riƙe ka?"

"Gajiya tai? Mi ya haɗa Malami da gajiya tai?"

Maimunat ta buɗe hirarsu ta ja sama. Ta ja, ta ja, yatsanta ya gaji ba ta kai farko ba. Kowace safiya Malami ya rubuto masa da Hausa: Ina kwana. Ina gajiya. Ina iyali. Ina aiki. Na'urar fassara ita ke juya wa mutumin, kuma ta juya masa gaisuwar ta koma tambayar ɗan sanda. A ina ka kwana? Ina ka aje gajiyarka? Ina iyalinka suke yanzu?

A farkon hirar mai sanƙo ya tsorata, ya ce zai kai ƙara in ba a daina bin diddigin iyalinsa ba. Malami ya amsa da madalla, washegari ya sake gaishe shi. Da tafiya ta yi tafiya mutumin ya fara amsawa. Ya ce ya duba, gajiyarsa a bayan wuya take. Malami ya ce gajiya ta bi lafiya. Na'ura ta gaya masa gajiya tana farautar lafiyarsa, ya tashi ya tafi asibiti, aka tarar jininsa ya hau, aka ɗora shi a kan magani.

Can tsakiya kuma akwai lokacin da aka sallame shi daga banki. Ya rubuta cewa duk masu yi masa tafi sun ɓace, ko amsa saƙonsa ba sa yi. Malami ya ce masa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Allah kaɗai ya san abin da na'ura ta mai da wannan, don mutumin ya tambaya ko sai an yi masa tiyata. Amma washegari ga Malami: Ina kwana. Ina gajiya. Da jibi, da gata, har ya samu wani aikin. Gaisuwa ta ƙarshe ranar da suka ɗoro dabino aka aika ta.

Hajjo ta ce, "Rubuta mai gaskiya, da Turancin da ba ya da kwana. Ce mai Malami ya mutu. Ce matatai ta, tana nemar mai gafara."

Amsa ba ta zo ba ranar. Sai washegari, doguwa, Maimunat ta karanta mata. Mutumin ya ce ya danna barka shi ma, kuma kunyar wannan ba za ta bar shi ba. Ya ce ba abin da zai yafe. A ƙarshe ya ce shi bai san ko Malami ya iya jiragen ruwa ba, abin da ya gani da idonsa shi ne, mutumin nan bai taɓa barin safiya ta wuce bai gaishe shi ba.

"Sake karanta wurin nan."

Ta sake.

"Da idonai yac ce?"

"Da idonai."

Hajjo ta jawo kwanon kunun da ta ture tun ɗazu, ta kurɓa. "Duba sauran."

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Mai tiyatar ido, mai haƙar mai, wani mai sayar da taya, wata mai koyar da rawa, duk Malami yana bin su da ina kwana kamar mai zagaya rumfunan kasuwa. Mafi yawansu ba su taɓa amsawa ba. Bai fasa ba.

"Wurin da aka rubuta abin da mutum ya iya, ana iya sharewa?"

"Ana iyawa."

"Share duka. Jagoranci, kwamfuta, jirgi, kwashe su. Ki rubuta guda: Gaisuwa. Ki ce wanda yag gani da idonai shi kaɗai za ya danna."

Mai sanƙo ne ya fara dannawa. Mai tiyatar ido ta biyo, ta ƙara da cewa ba ta taɓa amsa masa ba, amma ta kan duba ko ya zo kafin ta shiga ɗakin aiki. Kowa ya danna, sai Hajjo ta sa an buɗe hirarsa an tabbatar. Wani da Malami bai taɓa gaisarwa ba ya danna, yana neman a danna masa shi ma.

"Cire shi. Ce mai ba biki mukai ba."

Ɗan Sakkwaton nan ma ya danna. Aka duba, Malami ya gaishe shi ba adadi, ko sau ɗaya bai tanka ba. Maimunat ta ce a cire marar mutunci.

"Bar shi. Bai amsa ba, amma ya gani."

Aka kai wa Liman Is'haƙa labari. Ya tambaya ko mai sanƙon nan yana salla. Hajjo ta ce daga bayan bango, ita ba ta tambaye shi ba, ta dai ga yana da ido har da gilashi. Liman ya ce to, Allah shi ne mai karɓa, ya shafa fatiha.

Takaba ta ƙare, Maimunat ta koma Isa bakin aikinta. Kafin ta tafi ta ce a rufe shafin, tun da abin nema ya samu. Hajjo ta ce mutanen da aka saba gaisarwa ba a yanke musu haka kawai, sai su ce gidan Malami ba tarbiyya. Ba ta iya karatun boko ba balle Turanci, don haka Maimunat ta nuna mata wurin da ake dannewa a yi magana da baki.

Yanzu kowace safiya, in ta ɗora ruwan koko, ta kan ɗauki wayar ta tsaya inda sabis ya fi kamawa, ta ja fuskokin nan da yatsa har ta tsaya a kan guda. Ta danne.

"Ina kwana. Hajjo ta, matar marigayi. Ina gajiya? Ina iyali?"

Wani lokaci amsa ta kan dawo cikin harshen da ba ta taɓa ji ba. Ta kan kara a kunne ta saurara har ƙarshe, ta ce madalla, ta koma ta dama kokonta.